Ranar da Cleon Tolliver Ya Sauka Daga Bas

Rana ta fito fes a safiyar wata Asabar cikin watan Maris, amma irin ranar nan ce ta Chicago, haske kawai take bayarwa, babu ɗumi. Iskar babban tafkin garin tana kaɗawa har cikin haƙora, ƙanƙarar da ta daɗe jibge a bakin titi ta fara narkewa tana komawa baƙin ruwa. A safiyar ne Earline ta buɗe firij ɗin ƙaninta Cleon, ta tarar da rabin albasa da kwalin madarar da ta yi tsami. Ta rufe a hankali, ta ce masa ya fara haɗa kayansa.

Cleon Tolliver direban bas ne, ya yi shekara talatin da ɗoriya a layin Ashland, titin nan da ya ratsa garin daga kudu zuwa arewa miƙe sak. A unguwarmu kowa ya san shi da farar riga mai guga da hula a karkace. Ya yi ritaya, shekara ba ta zagayo ba matarsa Marvella ta rasu. Tun daga nan labulen tagarsa bai ƙara buɗuwa ba. Yayarsa Earline ta ji labari, ta taso daga Greenwood ta jihar Mississippi da akwati biyu, ɗaya na kayanta, ɗaya fanko. Fankon nasa ne. Ta riga ta gyara masa ɗaki, ta kuma yi magana da mai sayar da gidaje kan gidan Cleon.

Cleon ya ce ba ya zuwa ko'ina. Ta tambaye shi me ya riƙe shi a nan, ya ce garin. Ta ce wane garin, wanda yake kallo ta bayan labule?

"Auta, ka nuna min garin yau," in ji ta. "In na ga abin da ya isa ya riƙe mutum, na tafi ni kaɗai. In ban gani ba, Litinin za ka bi ni mu tafi."

Ya amsa da ƙarfin hali, ya sa kwat. Sai da suka tsaya a tashar bas hankalinsa ya tashi, don shi bai taɓa sauka ba. Duk shekarun nan a gwangwani Marvella take zuba masa abincin rana, ya ci a ƙarshen layi, ya juya mota. Ya san kowace kwana da kowane rami, ya san inda tsofaffi suke jinkirin hawa, amma unguwannin kansu ta gilashi ya san su, sai kuma ta hanci, idan ƙofa ta buɗe ƙamshi ya shigo.

Da bas ta zo, ƙafarsa ta kai shi wajen kujerar direba. Matashiyar da ke tuƙi ta dube shi ta ce, "Baba, kujerar nan da mai ita." Ya koma baya ya zauna kusa da Earline kamar an dasa shi. Duk inda ya kamata a taka birki sai ya danna ƙafarsa a ƙasa, yana gunaguni yarinyar ta makara. Earline ta ce in bai bari ba, zai huda motar mutane.

Wajen titi na arba'in da bakwai ƙofa ta buɗe, ƙamshin dafaffiyar masara da barkono ya shigo. Cleon ya ɗaga kai. Ƙamshin nan ya fi shekara ashirin yana gaishe shi kowace safiya. Mota ta tashi, ya dubi igiyar da fasinja ke ja in za su sauka, igiyar da ƙararta ta cika masa kunne rabin rayuwarsa. Ya miƙa hannu ya ja. Ƙararrawa ta yi ƙara. Ya tsaya yana kallon hannunsa, sai ya sake ja.

"Sau ɗaya ya isa, Baba," direbar ta ce ta madubi. Shi ma haka yake gaya wa mutane a da, har da irin wannan muryar. Dariya ta kama shi, ya sauka yana dafe da ciki.

Suka bi ƙamshin da ƙafa suka koma baya, har bakin wata coci inda wata dattijuwa take sayar da tamale, ƙullun masara da nama a naɗe cikin ɓawon masara, yana tururi. Ta kalli hular nan ta karkace, ta ce wannan ba direban safe ba ne? Sunanta Doña Chayo. Ta ce shekaru tana shiga motarsa da kularta, tana miƙa masa ɗaya yana cewa ya ƙoshi, har ta ɗauka ko likita ne ya hana shi. Yau kam ba ta tambaye shi ba, ta ɓare ta danƙa masa. Ya ci na kaza, ya ci na koren barkono, hawaye na zuba, ya ce a ƙaro. Earline ta ci rabi ta ce ba laifi, amma na Greenwood sun fi yaji. Doña Chayo ta ce to a kawo na Greenwood ɗin a gani.

Daga nan Cleon ya zama kamar ɗan akuyar da aka kwance. Duk ƙamshin da ya shigo sai ya ja igiya. A unguwar Pilsen suka sauka suka shiga lungu, ya tarar zanen da yake hangowa a jikin bango bai ƙare a kusurwa ba, ya zagaya ya ci bayan ginin gaba ɗaya: mata da kwanduna, tsuntsaye, wani tsoho mai gashin baki da Earline ta rantse mijinta ne marigayi. Cleon ya sa wani mai wucewa ya ɗauke su hoto a gabansa. Suka shiga gidan burodi, ya ɗauki faranti da abin ɗauka kamar yadda ya ga ana yi, ya cika shi taf da burodi mai sukari a ka. A kan gadar kogi ya tsaya ya nuna mata dogayen benayen tsakiyar gari suna walƙiya daga gabas, ya ce kullum suna gefensa amma idonsa na kan titi. Gaba can, a wani tsohon shagon mutanen Poland, ya ci soyayyen ƙullu mai jam na 'ya'yan itace a ciki, sukari ya bi masa gemu ya sauka kan kwat.

Earline tana ci, tana duba. Da ya tambaye ta yaya ta gani, ta ce ciye-ciyen rana ɗaya ba shi ne zama ba. Gobe zai koma bayan labulensa, wa zai ja shi ya fito? Cleon ya ce saura waje ɗaya.

Can arewa, kusa da ƙarshen layin, akwai wani ɗan shago mai tagar sayarwa, inda kullum yake ganin layin mutane ko ana zuba ƙanƙara. Sosej na naman shanu ake sayarwa cikin burodi, irin na garin. Wannan kam Cleon ya san shi, don Marvella takan yi shi a gida ranar hutu, kuma ba ta yarda a canza komai. Mai shagon, wani jibgegen mutum da ake kira Leszek, ya haɗa musu biyu: ya shafa mastad mai ruwan ɗorawa, ya sa albasa, yankan tumatir, kokwamba mai tsami, ƙananan barkono, ya barbaɗa gishiri.

Earline ta ce a ba ta kecap, jan ruwan tumatir ɗin nan mai zaƙi. Leszek ya ce babu, kuma ba a taɓa yi ba. Waɗanda ke layi suka juyo suna kallonta. Ko a jikinta. Ta buɗe jakar hannunta, ta tono ƙaramar ledar kecap irin wadda take tarawa, ta yage da haƙori, ta ɗaga a kan sosej ɗin.

Cleon ya fizge burodin daga hannunta.

"Yaya, ba a garina ba."

"Bakina ne, auta."

"Bakinki ne a Greenwood. A nan, yaron da ya bar firamare ma ba ya yin wannan. Ga tumatir na gaske an sa miki, za ki zuba sukari a kai? Da Marvella na nan da ta kore ki daga tebur."

Ya ɗaga burodin sama inda hannunta ba zai kai ba, ita kuma tana tsalle da hular coci, tana dukan kafaɗarsa da jaka. Wata mata a layi ta ce a riƙe mata shi da kyau. Wani ya ce a bar baƙuwa mana, aka taso masa har ya yi shiru. Leszek ya leƙo ta taga ya ce wannan dattijon ya ci kyauta. Cleon bai ma ji ba, yana ta bayani da murya sama, yana lissafa abin da ake sawa da abin da ba a sawa, wuyansa ya miƙe, idonsa na ƙyalli.

Earline ta daina tsalle. Ta tsaya tana kallonsa tana haki. Tun ranar jana'iza ba ta ji ya ambaci sunan Marvella ba, balle ya ɗaga murya. Ta mayar da ledar cikin jaka ta goge yatsunta.

"Garinka, ko?" ta ce. "Mutumin da zai yi dambe da yayarsa a titi kan ruwan tumatir, ina zan kai shi? Sai ka hana mutanen Greenwood sakat. Ba ni abina."

Ta ci a yadda aka ba ta, tana yamutsa fuska. Ta ce ba daɗi, ta sa aka ƙaro wani. Sharaɗi ɗaya ta gindaya masa: kowace Asabar ya fita, ya sauka inda bai taɓa sauka ba, da yamma ya kira ta ya gaya mata abin da ya ci. Ranar da ya rasa abin faɗa, za ta dawo da akwatin.

Ran Litinin ta tafi ita kaɗai. Akwatin da ya zo fanko ya koma cike da burodin Pilsen da tamalen Doña Chayo, sai da Cleon ya zauna a kai kafin ya rufu.

Cleon yana nan a gidansa na kudancin gari, labule a buɗe. Ya gama layin Ashland, ya koma bin sauran layuka ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara ƙiba har kwat ɗin ba ta rufuwa. Direbobi sun san shi, kuma har yanzu sau biyu yake jan igiya.