Irin Gerona a Rumfar Biki

Shekarar da ɗan ƙanena ya gama jami'a a Damagaram, uwarsa Hajiya ta ce walimar shinkafa ba ta isa ba. Wai ranar ƙauyawa za su yi, irin wadda suke gani a salula: kowa ya sa tsumma da malfa, ya rataya fartanya, a yi hoto. Ni da aka cire daga lakwal, wato makarantar boko, in riƙe gonarmu ta hanyar Dawce don ƙanena ya yi karatu, ni za a kwaikwaya ke nan. Na haɗiye.

Ana gobe biki na dawo daga kasuwa na tarar da rumbuna a buɗe. Damin iri babu. Zangarniyar da na tsince da hannuna tun kaka, irin da mahaifinmu ya bari, mai nuna da wuri ko ruwa ya ɗauke. Shi kaɗai zan shuka.

A ƙofar gidan ƙanena na iske damin. Sun daddatse shi sun ƙawata rumfa, sauran a ƙasa ana takawa, awaki na ci.

"Uban wa ya taɓa mini rumbu?"

Ɗan ƙanen nawa ya fito da gemun auduga, wai tsohon ƙauye. "Baba, ado ne kawai. Ka ma zo daidai, kai ba sai ka sake kaya ba."

Abokansa suka kwashe da dariya.

Fartanyar da ke kafaɗarsa tawa ce. Na fizge ta, na juya ƙotar na sauke masa a haƙarƙari. Ya durƙushe, na ƙara masa a gadon baya. Ƙanena ya shaƙe ni ta baya yana "Yaya! Gero ne fa, Yaya!" Na kai masa ƙeya a baki, haƙori ya fita, jini ya wanke masa farar shadda. Wani ya rotsa mini kujera a ka. Rumfar ta rufto mana, Hajiya na kururuwa.

A hannun jandarma na kwana. Aka yi bikinsu ba ni.

Da aka sake ni na ɗauki rariya na tankaɗe yashin ƙofar gidansu, suna leƙena ta taga. Abin da na samu bai cika ƙaramar ƙwarya ba. Da damina kusurwa ɗaya ta gonar ya isa shukawa. Sauran gonar na zuba irin kasuwa, ruwa ya ɗauke ya bar shi tsaye ba ƙwaya. Har yau ƙanena da giɓinsa yake yawo, ni kuma ban taka gidansa ba.