Jirgin Tahir Mai Sola

Idan ka shigo layinmu a Wulari ka tambayi Tahir mai sola, kowa zai nuna maka shagonsa. Ni ne maƙwabcinsa, Manasse mai walda. Bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma ba shi da kauri, saboda haka abin da zan faɗa ko dai na gani da idona ko na ji ta bangon nan.

Tahir ya haura hamsin. Mutanensu makiyaya ne a da, kakansa ya bi shanu har bakin tafki, ubansa ya zauna gari yana dillancin dabbobi. Shi kuwa tun yana ƙarami ba ruwansa da saniya, rediyon gidan yake kwancewa ya sha duka. Ya fara da gyaran fanka da janareta, da garin ya shiga shekarun rashin wuta sai ya koma haɗa sola, Allah kuma ya buɗa masa. Yana da tsabtar aiki, yana da taurin kai kamar me, kuma abin da ya fi tsana a duniya shi ne a taya shi abin da bai ce a taya shi ba. Na taɓa riƙe masa tsani bai roƙe ni ba, ya sauko har ƙasa ya tambaye ni ko na ga alamar tsufa a jikinsa ne.

Rauninsa ɗaya ne, helikwafta. Mu a garin nan mun ji ƙararta har mun gaji, yawancinmu ko kai ba ma ɗagawa. Tahir kuwa ko yana tsakiyar magana da mai ciniki, in ta wuce sai ya tsaya da filaya a hannu ya bi ta da kallo har ta ɓace. Yana saurayi ya nemi shiga sojan sama, aka mayar da shi saboda ido. Ba ya son a tayar da zancen.

Mukhtari, mijin 'yarsa Yusra, shi ya kawo abin. Ma'aikacin kwamfuta ne a wani ofis cikin gari, mutum mai sanyin hali, magana ma sai ka kasa kunne. Ya samo kwamfuta ta hannu mai ƙarfi, da wata manhaja ta koyon tuƙin helikwaftar yaƙi a ciki. Na zaci wasan yara ne, ashe ba haka ba. Kafin injin ya tashi ma sai ka bi maɓallai birjik, kowane a kan lokacinsa, in ka tsallake ɗaya ka zauna a ƙasa. Tahir ya sa tabarau ya bi bayanin nan da Turancinsa na gyaran inji, layi bayan layi, har ya haddace.

Kayan tuƙin uku ne: sanda tsakanin gwiwoyi, liba a hannun hagu mai ɗaga jirgi sama, da feda biyu a ƙasa masu juya hancinsa. Tahir ya ƙi saye, ya ce shi zai ƙera. Libar daga birkin hannu na wata tsohuwar Fijo ta fito, fedodin kuma kuloci ne da birki, ni na yi waldar ƙarfen da suka zauna a kai. Jirgin na gaske mutum biyu yake ɗauka, maharbi a gaba, matuƙi a baya, kuma kowa da sandarsa da fedarsa don ko wani abu ya sami ɗayan. Tahir ya ce haka za a yi, ba ragi. Aka ƙara kwamfuta ta biyu a ɗakin bayan shago, Mukhtari ya zauna gaba, Tahir a baya, allon Tahir a kan katako tsakaninsu. In ya ɗaga kai, saman hular Mukhtari kaɗai yake gani.

Mutanen layi sun yi surutu, ba sai na faɗa ba. Suruki da suruki a ɗaki ɗaya suna wasa? A nan mijin 'ya takalmi yake cirewa tun daga ƙofa, ya durƙusa ya gaishe ka, ba ya haɗa ido da kai, ba ya cin abinci a gabanka. Amma cikin ɗakin nan sai duk wannan ya narke. Ina walda ina jin Tahir ta bango.

"Kai, Mukhtari, idonka yana ina? Ga tankar yaƙi can bayan bishiya, ko sai ta yi maka sallama?"

"Na gan ta, Baba."

"Ka gan ta bayan ta gama da mu. Makahon maharbi kawai!"

Sai su fashe da dariya su biyun. Tahir 'ya'ya mata Allah ya ba shi, kuma ni na san a ɗakin nan ya sami ɗa namiji. Abin yana min daɗi har raina.

Mafi wuya a tuƙin, in ji su, shi ne tsayar da jirgi cak a sama. Da ka ja liba, jikin jirgin sai ya nemi juyawa, dole ƙafarka ta tare shi da feda, kaɗan-kaɗan, kafin ma ya fara. Mukhtari ya ce mutane kan yi watanni suna faɗuwa kafin su iya. Tahir kuwa bai daɗe ba ya samu. Ranar ya leƙo ta ƙofata, fuskarsa kamar an yi masa haihuwa.

"Manasse, ajiye wutar nan ka zo ka gani."

Na je na gani. Jirgi ya tashi, ya tsaya a kan allo kamar an rataye shi da igiya, ya sauka a hankali. Tahir ya cire tabarau yana goge su da bakin riga.

"Ka gani ko? Ido ne kawai ya hana ni. Hannun yana nan, ƙafar tana nan. Da sun ɗauke ni, da sun gani."

Shekara talatin yana ɗauke da tambayar nan a ciki, ko da zai iya ko ba zai iya ba, ranar ya sami amsa. Daga nan har tafiyarsa ta canza.

Matsala ta fara ne da ofis ya tura Mukhtari Khaddamari wani aiki na 'yan makonni. Tahir ya kunna kwamfutarsa shi kaɗai, ya ja liba, jirgi ya tashi ya hau juyi kamar fankar sili, ya kifa da ƙasa. Ya sake, haka. Ya sake, haka. Mutumin da ya san ya iya tuƙi ba zai zargi ƙafarsa ba, sai ya zargi feda. Ya kwance ta, ya canza 'yar na'urar da ke auna motsinta, ya canza waya, ya sake saiti. Ya ce zafi ne, ya kafa wa kwamfutar fanka biyu. Ya ce wutar batir ce ba ta tsaya daidai ba, ya auna, lafiya lau. Ya ce waldata ce ta karkace. Nan muka yi cacar baki, don ni ma ba na son a taɓa min aiki, amma na yanke na sake.

Mukhtari ya dawo, suka zauna su biyu, jirgi ya tashi sumul. Tahir ya ce to, ashe ciwon yana fitowa ne in kwamfuta ɗaya ce a kunne.

"Zai yiwu, Baba," in ji Mukhtari.

Wannan "zai yiwu" ita ce take ci min rai har yau. Damina ta shigo ta fita Tahir yana neman ciwon nan. Ya goge manhajar ya sake sauke ta da intanet ɗinmu mai tafiyar hawainiya. Ya bar aikin mutane a kan rufi yana zaune da na'urar awo a hannu. Ya rame, ya zama mai saurin fushi, har matarsa ta aiko a tambaye ni ko wani abu ya same shi a kasuwa. Duk wannan Mukhtari yana gefe. Shi yake riƙe masa tocila in zai leƙa ƙarƙashin kujera. Shi ya yi masa odar sababbin na'urori daga Kano, ya je tasha ya karɓo da kansa.

Mai gyara na gaske in ya rasa gane ciwo, sai ya riƙa cire abubuwa ɗaya bayan ɗaya ya ga wanne ne in an cire ciwon yake canzawa. Abin da Tahir ya koma yi ke nan. Wata Asabar bayan la'asar ina ɗakin ina ɗaure wata ƙusa, Mukhtari bai dawo daga masallaci ba, Tahir ya sunkuya ya zare wayar fedarsa daga kwamfuta. Ya ce min yana son ya ga irin juyin da jirgin zai yi in babu feda sam, ya gwada da irin wanda yake yi masa in yana shi kaɗai. Babu wani tarko a ransa, na rantse. Gwaji ne kawai na mai gyara, da Mukhtari ya shigo suna gaisawa ma bai tuna ya faɗa masa ba.

Suka zauna. Inji ya tashi, Tahir ya ja liba, ni na riga na shirya dariya.

Jirgi ya tashi miƙe, ya tsaya cak. Hancinsa ko gezau.

Na ga Tahir ya taka fedar hagu har ƙasa. Ba abin da ya faru. Ya taka ta dama, haka. Sai ya janye ƙafafunsa gaba ɗaya ya naɗe su ƙarƙashin kujera, jirgi yana nan tsaye abinsa. Daga inda nake tsugune ina hango ƙarƙashin katakon da ya raba su. Ƙafafun Mukhtari ne a kan tasa fedar, ba takalmi, yatsunsa suna aiki a hankali kamar tela a kan keke.

Tahir ya sauke jirgin, ya kashe injin maɓalli bayan maɓalli kamar yadda ya saba, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya sunkuya ya ɗauko bakin wayar, ya zagayo gaba ya ajiye ta a kan gwiwar Mukhtari.

"Tun yaushe?"

Mukhtari ya kalli wayar, ya sauko daga kujera ya durƙusa.

"Tambayarka nake yi. Tun yaushe?"

"Tun farko, Baba."

"Ranar da na kira Manasse ya zo ya gani?"

"Har ranar."

Ya yi bayani kansa a ƙasa. Wai Baba yana taka feda kamar birkin mota, a makare kuma da ƙarfi. Wai ranar farko sun faɗi ya fi a ƙirga, ya ga ran Baba ya ɓaci, sai ya rage ƙarfin fedar baya a saiti ya riƙa tarewa da tasa, da niyyar in an kwana biyu ya saki. Da ya ga farin cikin da Baba ya yi, sai ya kasa.

"Baba, da wane baki zan ce maka ba ka iya ba? Kai ka ba ni 'yarka."

"Da bakin da ka ce min zai yiwu," in ji Tahir. Muryarsa ba ta tashi ba, kuma da ya yi ihu da ya fi min sauƙi. "Ka riƙe min tocila ina neman abin da ka san ba ya nan. Na zage ka a ɗakin nan, na yi dariya da kai, na zaci mu biyu ne a jirgi. Ashe kai kana tare da surukinka ne, kana lallaɓa tsoho."

Na san za a ce yaron kara ya yi, tarbiyya ce, haka aka koya masa. Matata ma haka ta ce. Ni ban yarda ba. Kara ta ranar farko na gane ta. Amma ka ga mutum yana ramewa wata da watanni a kan ƙaryarka, ka je tasha ka karɓo masa kaya, wannan ba kunya ba ce, cin amana ne da ladabi. Ya ba shi amsar da ya jira shekara talatin, kuma amsar ta bogi ce.

Washegari Tahir ya sa na yanke kujerar gaba. Ya mayar da saitin fedarsa yadda yake, ya koma farko kamar wanda bai taɓa zama a kujerar ba. Yanzu kusan kullum da yamma ina jin inji ya tashi ta bango, jim kaɗan in ji ƙarar faɗuwa, shiru, sannan inji ya sake tashi. Wani lokaci yakan ɗan daɗe a sama kafin ya faɗi. Ban sani ba ko zai iya wata rana, shi ma bai sani ba.

Bai kori Mukhtari ba, bai kai ƙararsa wurin kowa ba, Yusra ma ban tabbata ta san duka labarin ba. Mukhtari yana zuwa duk Juma'a bayan masallaci. Yakan cire takalmi a ƙofar shago ya durƙusa, Tahir ya fito ya ja ƙofar ɗakin baya ya rufe, ya zauna a kan benci.

"Wushe, Malam Mukhtari. Ya aiki? Ya iyali? Ya mutanen gida?"

Ya bi gaisuwar nan tiryan-tiryan, ba ya rage komai, ya sa a kawo masa ruwa mai sanyi, ya sa masa albarka, ya sallame shi. Juma'ar da ta wuce Mukhtari ya daure ya ce, "Baba, ya jirgi?"

Tahir ya dube shi da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo.

"Lafiya lau, Malam Mukhtari. A gaida gida."

Mukhtari ya daɗe a ƙofa yana neman sa takalminsa. Kafin ya kai bakin layi, inji ya tashi a ɗakin baya.