Tarwadar Aro

Baba masunci ne, ɗan masunci. A bakin kogi ya tashi, can ƙasar Yawuri, kuma sai da gwiwarsa ta hana shi tsayuwa a kwalekwale muka dawo Uke wurin ƙanensa. A nan na gama sakandare.

Ya sha ba ni labarin yadda a da masunta ke haɗa ƙungiya a ba su rancen taru da injin jirgi. Da ya je nema a Abuja aka ce masa an daina. Kogi ba shi da adireshi. Yanzu masu kwami ake ba wa, wato masu kiwon kifi a tankin siminti, kuma an fi son mata da matasa. Ya dawo gida ya ajiye fom ɗin a gabana.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ke suke so. Ni na tsufa musu."

Na sa hannu a shafi huɗu. Hotona aka manna, lambar wayata aka rubuta.

Kashi biyu aka raba rancen. Da na farko muka gina kwami biyu a bayan gida, muka zuba 'ya'yan tarwada. Na biyu ba kuɗi ba ne, buhunan abincin kifi ne, kuma sai jami'in banki ya zo ya ga kifin na girma za a sake su. Namu kuwa sun ƙi girma. Wata uku, amma da ƙyar suka wuce tsawon yatsa, saboda tsimin abinci muke yi.

Maƙwabcinmu wani mutumin Binuwai ne da ya daɗe yana kiwo. Shi ya ce kowa a layin nan aro yake yi. In za a zo dubawa sai ka ari manyan kifi ka zuba, a ɗauki hoto, washegari ka mayar.

"Oga masunci, wannan yara naka, banki za ta gani ta gudu," in ji shi yana dariya. "Ka ɗauki nawa. Amma ka sa shi daban, ka ji? Daban."

Baba ya ce ya ji. Da aka kawo su cikin baho, sai ya ce kwami guda cike da manya, ɗayan da 'yan mitsi-mitsi, ko makaho ya gane aro ne. Ya raba manyan gida biyu ya zuba a kan namu. Na tuna masa abin da maƙwabci ya ce.

"Shekara arba'in ina ruwa," ya ce. "A kogi wa yake raba musu ɗaki? Babba da ƙarami tare Allah ya zuba su."

Na ƙyale shi. Ban san a kogi ciyawa da saiwa ne ke ɓoye ƙanana ba, shi kuma bai tuna siminti ba shi da ko ɗaya ba.

Ranar Talata aka ce jami'in zai zo. Ya bugo ya ce motarsu tana Apo wurin gyara, sai Alhamis. Alhamis ta koma Litinin. Maƙwabci ya yi tafiya jana'iza garinsu, babu mai karɓar kifinsa. A kwanakin nan na lura in na watsa abinci manyan ba sa rububi. Su taso a hankali, su juya, su nutse. Baba ya ce baƙunta ce.

Jami'in ya iso da hantsi, saurayi ne mai fara'a, ya naɗe ƙafar wando. Baba ya sa koma ya ɗago tarwada uku, kowace kamar damtsen mutum. Jami'in ya yi tafi.

"Madam, kin yi ƙoƙari! Wata uku? Ki riƙe ɗaya mu yi hoto."

Na riƙe. Tana da santsi da nauyi, cikinta ya yi tim. A hoton ina murmushi.

Ya jingina da bango yana rubutu a waya, sannan ya ce tunda kifi ya kai na sayarwa, babu buƙatar buhunan abinci. Zai rubuta a soke kashi na biyu, a matso da ranar fara biya zuwa ƙarshen wata mai zuwa. Ya ce irinmu suke nema su nuna wa manya. Na dubi Baba. Baba yana duban ruwa.

Da maƙwabci ya dawo muka zuƙe ruwan don ya kwashe nasa. Ina tsaye a kan bulo ina kallon ruwa na sauka. Manyan suka bayyana suna burgima a ƙasa. Na yi ta jiran ƙananan su fito. Abin da muka tsince bai rufe gindin bokiti ba. Manyan sun cinye sauran.

Maƙwabci ya ɗora hannu a ka. "Oga, ban ce daban ba?" Ya ɗaga ɗaya daga cikin nasa ya jijjiga. "Ka ga ta ƙara nauyi ma." Ya so ya yi dariya, ya dube ni, ya fasa.

Baba ya zauna a bakin kwamin, ƙafafunsa cikin laka. Ya yi ta salati. Ni ban yi kuka ba. Na ajiye bokitin a gefensa.

Bayan kwana biyu na shiga mota zuwa reshen bankin da ke Maitama, ban gaya wa Baba ba. Na shirya maganata tun daga Mararraba. Aka zaunar da ni a sanyin na'ura har jami'in ya fito, ya gane ni nan take.

"Madam mai tarwada! Hotonki ya tafi sama, oga ya yaba."

Na ce ina da tambaya. Na ce wata ƙawata ce, ita ma mai kiwo, in a ce kifin da aka gani a wurinta ba nata ba ne fa?

Fara'arsa ta ragu kaɗan. Ya ce in kifi ya mutu, wannan asara ce, ana zama a sake tsara biya. Amma in an nuna wa banki kayan wani, sunansa yaudara, kuma ba teburinsa ake kawowa ba, na lauya ne. Wanda ya sa hannu shi ake nema.

"Ki gaya mata ta yi hankali," ya ce. Ya ɗan tsaya yana kallona. "To ke fa, me ya kawo ki?"

Na ce wucewa nake, na ce bari in shigo mu gaisa.

Ya raka ni har ƙofa, ya ce in an fara sayarwa in ajiye masa manya biyu, matarsa na son farfesu. Na ce to.