Ruwan da Na Ce Ba Shi da Zafi

Ban daɗe da gama wankan jego ba na koma bakin aiki a gidan abincin Goggo da ke unguwar Rumde Ajiya a garin Garwa. Goggo ƙanwar mahaifin mijina ce, ita ta ba ni wanke-wanke tun cikina bai fito ba. Mijina tirela yake bi a hanyar Kusiri, sai a daɗe ban sa shi a ido ba, to abin da nake ci daga gidan nan yake fitowa. Kuma duk Garwa ban san inda za a bar ni in shimfiɗe jaririya a ɗakin ajiyar shinkafa ba, ina aiki ina leƙa ta, in ba nan ba. Ranar da na dawo Goggo ta ce mini, ba da faɗa ba, akwai masu yi mata zarya kan wannan gurbin. Na gane abin da take nufi.

Akwai injin wanke-wanke a gidan, ɗanta ne ya sayo mata na gwanjo daga Duwala. Farantan tangaran da kofunan gilashi na ma'aikatan da ke zuwa cin abincin rana muke jera masa, tukwane kuwa ni ce da soso da toka. Rubutun jikinsa duk Faransanci ne, ni kuma inda na tsaya a makaranta bai kai ni can ba. Na dai san maɓallin da ake dannawa, kuma kullum da bismilla nake danna shi, don tsoronsa nake ji.

Sai ya fara tsayawa a tsakiyar wanki. Ya yi ta kuka tit-tit, wata jar fitila tana ƙiftawa, ruwa kwance a cikinsa bai zuƙe ba. Kuku, wani dogon mutum ɗan garin Poli mai son tsokana, ya ce, "Amarya, kin dawo kin kashe mana bature."

Goggo ta kira mai gyara. Yana Ngawundere wajen wani aiki, sai ya ce ta buɗe muryar wayar ya ji mai aiki da injin.

"'Yar'uwa, in ya tsaya, buɗe ki sa hannu a ruwan da ke ƙasa. Da zafi ko babu?"

Na buɗe, na tsoma hannu har wuyan hannu. Na ce, "Da ɗumi dai."

"Ɗumi ko zafi?"

"Ba zafi."

"To rezistans ne ya mutu," in ji shi, wato ƙarfen da ke dafa ruwan. Ya ce a Garwa ba a samun irinsa, zai sayo a can ya taho da shi, Goggo ta tura masa kuɗin.

Akwai wani ludayin roba da na gani a ciki ya lanƙwashe kamar ƙahon rago. Na so in faɗa. Amma namiji ne baƙo a waya, ga Goggo tsaye a kaina, kuma ba a tambaye ni ba. Kafin in tattaro bakina ya kashe.

Da mai gyaran ya iso bayan kwanaki, ashe dattijo ne mai furfura a gemu, Hausarsa da Fulatanci a gauraye. Ya kwantar da injin a kan buhu, ya kwance ƙasansa, ya ajiye sabon ƙarfen a gefe cikin kwalinsa. Kafin ya cire tsohon sai ya fito da wani ɗan akwatin awo mai wayoyi biyu, ja da baƙa, ya ɗora bakinsu a kan ƙarfen. Ya duba, ya sake ɗorawa, ya sake dubawa.

"Hajiya, wannan lafiyarsa lau."

Goggo ta ce, "Kamar yaya lafiyarsa lau?"

Ya tayar da injin ya kunna, muka tsaya muna jira. Da injin ya yi kukansa ya tsaya, mai gyara ya buɗe ƙofar ya sa yatsa, sai ya fizge yana yarfe hannu.

"Subhanallahi! Wannan ruwan ai kaza za a fige da shi. Wa ya ce mini ba zafi?"

Ba wanda ya nuna ni, amma duk idanu suka juyo. Goggo ta ce, "Ke. Kin sa hannun kuwa rannan, ko ƙarya kika yi mana don kina jin tsoron injin?"

Na ce na sa. Muryata ko ni ban ji ta sosai ba.

"Kin sa, kika ce babu zafi. Aka ɗauko ƙarfe tun daga Ngawundere a kan maganarki. Wasa kike da dukiyata?"

Ban san abin da ya tura ni ba, sai na durƙusa na sake tsoma hannun a gabansu. Na bar shi a ciki. Wallahi ɗumi nake ji, ɗumi mai ɗan ƙarfi, irin wanda za ka ce a ƙara itace. Kuku ya zo ya gwada da kan yatsa, ya yi tsalle yana salati da Faransanci a haɗe. Na ciro hannuna, ya yi jajir, yana tururi.

A nan na gane. Safe da yamma har arba'in, Inna mahaifiyata tana dafa mini ruwan wanka a babbar tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa mini yana tafasa. Kwanakin farko ihu nake yi tana cewa in rufe mata baki kada maƙwabta su ji. Zuwa ƙarshe ni nake cewa ruwan ya huce. Fatata ta saba, ta daina ba ni labarin gaskiya.

Na sani, amma ta ina zan fara? Haihuwar fari ce. A gidanmu ko sunan yarinyar ba na kamawa, in an tambaye ni lafiyarta a gaban manya sai in sunkuyar da kai. Yanzu in buɗe baki a gaban ƙanwar surukina da maza biyu in yi zancen wankana? Gara a ce mini maƙaryaciya. Na tsaya ina kallon siminti, ina jin gurbin nan yana zamewa daga hannuna, ina tunanin wace ƙofa zan ƙwanƙwasa da goyo a baya.

Sai yarinyar ta farka a ɗakin shinkafa ta tsala kuka. Kafin in motsa na ji gaban rigata ya jiƙe. Na ja mayafi na rufe, amma Goggo ta riga ta gani. Ta dube ni, ta dubi jan hannuna. Ta kama damtsena ta ture hannun rigar sama, inda fatar ta yi duhu tana saɓa.

"Uwarki ce ta yi miki wankan?"

Na gyaɗa kai.

"Da tafasasshe?"

Na sake gyaɗawa.

Ta saki hannuna ta tafa. "Malam, mu ne sakarkaru. Mai jego muka tambaya zafin ruwa!"

Kuku ya riƙe ciki yana dariya. "Amarya, ashe ke aka dafa, ba farantan ba!" Mai gyara bai yi dariya ba, ya kawar da kai yana gyara wayoyinsa, kuma wannan kawar da kan ya fi dariyar ƙona ni. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na gudu na ɗauki yarinyar, na zauna a kan buhu ina ba ta nono ina kuka ba sauti.

Daga nan nake jin su ta ƙofa. Mai gyara ya ce tunda ƙarfen yana dafawa, har ma ya wuce kima, to laifin na mai gaya masa ya isa ne. Na leƙa na ga ya zaro wani ɗan abu kamar ƙwallon dabino mai waya a gindi, farin dattin ruwa ya daskare a kansa. Sond yake kiransa. Ya ce shi ke jin zafin ruwa ya sanar da injin. In ya lalace sai ya yi ta cewa da sauran sanyi, ƙarfen ya yi ta dafawa, har injin ya kashe kansa don kada ya ƙone. Ya kankare shi, ya sa a kofin ruwan randa ya auna, ya sa a na zafi ya auna. Awon bai motsa ba. Ya ce ya mutu. Ya tona jakarsa ya samo wani da ya ciro daga tsohon inji, ya gwada shi a kofunan nan biyu, awon ya sauka ya hau. Ya ɗaura, ya kunna, injin ya yi wankinsa har ƙarshe, farantai suka fito a bushe.

Sabon ƙarfen kuwa ya ce mai shagon ba ya karɓar abin da ya fita, sai dai a ajiye don wata rana. Goggo ta ɗora kwalin a saman kantar kaya.

Bayan ya tafi ta shigo ɗakin shinkafa. Na miƙe da yarinyar a kafaɗa ina jiran a sallame ni. Ta dube ni, ta dubi yarinyar.

"Da wane hannun kike taɓa ruwan wankan 'yar nan?"

Wannan ko kusa bai zo mini a rai ba. Na ɗaga rigar yarinyar ina duba bayanta da cinyoyinta. Goggo ta karɓe ta, ta juya ta, ta shafa, ta ce ba komai, Allah ya tsare.

"Aikinki yana nan," in ji ta. "Amma daga gobe a nan za ki riƙa yi mata wanka. Ki haɗa ruwan ki kawo mini in taɓa tukuna."

Haka aka yi. Kowace safiya sai in ɗauko baho in ratsa ta gaban kuku, yana cewa a ba dafaffiya hanya, in kai wa Goggo har inda take zaune. Ta tsoma gwiwar hannu. Yawanci sai ta ce in ƙara na randa, in koma in ƙaro.