Labulen da ban ɗaga ba

Tun ina da cikinsa nake tsoron zafin Makka. Na ga yadda yake yi wa jarirai a unguwarmu ta Tandabawi: yau ka ji kuka a gida, jibi ka ji shiru. Shi ya sa bayan na haihu, da Hajji ya zo, a shekarun nan bayan yaƙin Turawa, na samu wankin kayan alhazai, abin da na fara nema wa yaron shi ne inuwa.

Akwai wata dattijuwa a bayan layinmu, Bahaushiya ce da ta biyo ta Sudan. Kowa Hala yake ce mata, wato inna da Larabci. Mata masu fita aiki ita suke kai wa yara. Ɗakinta na dutse ne mai sanyi, ga randa a bakin ƙofa. Iyakar sanina ke nan. Babu takardar da za a nuna miki, babu ma'aikacin da ke zuwa dubawa. Labarin mai raino a bakin mata yake, sai wadda ta tambaya.

Ni kuwa ban tambaya ba. Ɗan fari ne. Yadda aka rene mu, uwa ko sunan ɗan fari ba ta faɗa, balle ta tsaya bincike a kansa gaban manya. Daga bakin labule nake miƙa shi, in juya.

Amma ina da ido. Yara wajen bakwai a ɗaki ɗaya, ba ka jin ko tari. Kullum na dawo da la'asar yana barci, ƙuda na kan leɓensa bai motsa ba. Nono ya cika mini, shi ya ja sau biyu ya saki. Na ga wani ƙaramin cokali da ya yi baƙi, rataye da zare a ƙusa. Duk na gani. Sai na ce wa maigidana, "Matar nan hannunta da albarka."

Rana ta tara ya ƙi farkawa. Na fito da shi a kafaɗa, na ci karo da maƙwabciyata wajen ɗibar ruwa. Ta ɗaga fatar idonsa.

"Ke 'yar nan, ai cokalin Hala ne. Ruwan hashhash, tsiron nan mai bugarwa, take dafa musu su yi barci."

"Yaya, kin sani?"

"Wa bai sani ba? Na ga kina wani kawar da kai kamar aro aka ba ki shi, na ce to, kin sani kin yarda."

Ita ta ja ni wurin likita, yaron ya farka washegari. Da na koma ɗaukar zanensa, ranar na fara shiga ɗakin. Hala ba ta musa ba. Ta ce, "Ya binti, 'yata, yara bakwai, hannu biyu. Da kin shigo da kin gani."

Yanzu shekararsa biyar. Ya yi jinkirin tafiya, maganarsa ma a hankali take fitowa. Ba wanda ya ce cokalin ne, ni ce dai ban daina cewa ba.

Don Allah, in za ki bar ɗanki hannun wata, ko ɗan fari ne, ki ɗaga labulen ki shiga, ki tambayi abin da ake ba su. In kuma ke ce kika sani, ki faɗa wa uwar, kada ki jira ta tambaya.