Dundumin da Suka Laƙaba wa Yaya Sule

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Sule, direban keke-napep a Bolari, kuma har yau ban huce ba.

Bayan isha'i ne, yana komawa gida Kagarawal, ya shige ƙarƙashin wata tirela da ta lalace a kan titi. Ba fitila a bayanta, ba wani abu mai sheƙi, laka ta mayar da ita kalar kwalta. Direbanta ya yi abin da aka saba: ya karyo rassan mangwaro ya jera a hanya, ya tafi neman bakanike. Awakin unguwa suka cinye gargaɗin tun kafin magariba.

Mai tirelar ya zo gaisuwa cikin babbar riga. Ya shafa addu'a, sannan ya ce, "Ai na ji dama marigayin yana da dundumi." Sule fa, mutumin da ke zura wa Inna zare a allura a hasken aci-balbal! Amma kafin sadakar bakwai duk unguwa ta yarda Sule ba ya gani da dare.

Zuciya ta ci ni. Na ari keke irin nasa, na nemi wata tirela da ke fake cikin duhu, na tunkare ta a hankali don in ga daga ina fitila za ta nuna ta. Idona garau, amma sai da na kusa shafa ƙarfenta sannan na gan ta. Na faɗi abin da na gani a ƙofar masallaci, na faɗa a majalisa. Aka ce in yi haƙuri, kwanansa ne ya ƙare. Wannan na yarda. Ƙaryar fa?

Da Sule zai leƙo Gombe yau, zai ga fitilun sola a manyan tituna, ya kuma ga har yanzu ana karyo ganye a jera wa mota. Na san dariya zai yi, shi ba mai riƙo ba ne. Ni mai riƙo ne.

Me ya rage nasa? Keken ’yan gwangwan suka kwashe. Sai ’yarsa Hajara, wadda ta girma ana kiranta ’yar mai dundumi, har dangin wani manemi suka janye bara, wai abin gado ne. Ita kaɗai na ɗauka ba ta bukatar in fahimtar da ita cewa ƙarya ce. Makon jiya ta zo, ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baffa," ta ce, "don Allah ka raka ni asibiti a duba mini ido. Kar in yi irin ta Baba."