Aron Famfo

Duk wanda ya buɗe jakar da nake ɗaurewa a kariyar kekena zai ce ni mutum ne mai shiri. Akwai sifana mai baki biyu, da filaya, da sholisho, da yankakken tsohon tiyub na yin faci. Akwai cokula biyu na marigayiya matata, da su nake ɓamɓare taya. Akwai murfin gwangwani da na huhhuda da ƙusa, shi nake goge tiyub da shi kafin in shafa sholisho, don in ba ka goge ba aikin banza ka yi. Sai robar bawul a cikin kwalin ashana, da tsumma, da gorar ruwa. Abu ɗaya ne babu, famfon hura taya. Shekara da shekaru ina taka keke daga Makera zuwa gona a Kakau, ban taɓa mallakar famfo ba. Wani mai faci a bakin titi ya taɓa leƙa jakar ya ce, "To Baba, in ka liƙe da baki za ka hura?" Na ce masa ya yi aikin da ya kawo ni, ban zo hira ba.

Famfo yana wurin Oga. Shi ne shugaban sashenmu lokacin da muke aiki a masaƙa a Kakuri, mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, dogo, ba ya son yawan magana. Da aka rufe masaƙar aka watsa mu, shi ya samo mana gonaki biyu maƙwabtan juna a Kakau. Ni Juma'a ina masallaci, shi Lahadi yana coci, sauran ranaku kowa na buga-bugarsa, saboda haka Asabar ta zama ranarmu. Ba mu taɓa zama mun raba kayan gyara ba, haka kawai abin ya kasance. Shi yana da dogon baƙin famfo da yake ɗaurewa a jikin kekensa da roba, ni ina da jaka. Mutumin nan ko allura ba ya ɗauka. In tayarsa ta sace sai ya sauka ya ce, "Malam, buɗe asibitinka." In na gama liƙewa sai in miƙa hannu ba tare da na waiwaya ba, in ce, "Oga, iska."

Iyakar hirarmu a hanya ke nan, don manyan motoci ba sa barin mutum ya ji ko tunanin kansa. A gona ma kowa yana duƙe a kunyarsa. In azahar ta yi in yi salla a gindin ɗorawa, shi ya gasa mana masara. Da 'ya'yana suka ƙaura can ƙetaren kogi, matata kuma ta rasu, na wayi gari mutumin da na fi daɗewa tare da shi a mako shi ne wannan da ba ya magana.

Ana tsakiyar damina ciwo ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Daga asibiti aka mayar da shi ɗakinsa a Kakuri, 'yarsa mai sayar da gwanjo a kasuwa take jinyarsa. Na je dubiya, na sake komawa. To amma dubiya tana da iyaka. Ka ce sannu, Allah ya sawwaƙe, ka ɗan zauna, ka tashi. Dattijo kamata ba ya zuwa gidan mutane kullum ya baje ba dalili, yarinya na ta kai da kawo tana neman abin da za ta ba shi. Kunya ta hana ni komawa, alhali zuciyata tana can.

Asabar ɗin farko da na fita ni kaɗai, ina wuce Gonin Gora tayar baya ta sace. Na jingina keken, na fito da tiyub, na tofa yawu har na gano hujin, na goge, na shafa, na jira ya sha iska, na liƙe. Faci ya yi kyau ƙwarai. Na miƙa hannu baya na ce, "Oga, iska." Wallahi da ƙarfi na faɗa. Hannuna ya daɗe a miƙe kafin in tuna. Na zauna a kan dutse a gefen titi, motoci na wucewa, kaɗaici ya kama ni irin wanda ko ranar da aka share makokin matata ban ji ba. Daga nan na tura keken har inda na sami mai faci, ana yayyafi.

Babban ɗana ya ji labari. Ya zo da wani ɗan ƙaramin famfo mai walƙiya a cikin leda, ya haɗa da wa'azi, wai shekaruna sun wuce hawan keke, in bar gonar in dawo wurinsu. Na ce ya kwashe abinsa. Ya ce, "Baba, famfo ne fa kawai." Na ce na gani, ba makaho ba ne ni. Ban iya yi masa bayani ba. Ni a wurina, ranar da na ɗaura nawa famfon a keke, ranar na yarda Oga ba zai sake tashi ba, kuma ban shirya yarda ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar na sa hulata na nufi Kakuri. Na yi sallama, 'yar ta fito, na ce, "Aron famfo na zo." Oga yana kwance. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna ƙarƙashin gado. Na jawo, na zauna ina kakkaɓe ƙura, kakkaɓewar da ta kai ni har kusan magariba. Washegari da yamma, na dawo daga gona, na biya na mayar. Kayan aro ai ba a kwana da shi sau biyu.

Haka muka ɗora. Juma'a in karɓa, Asabar in mayar. In na kawo sai ya sa in ɗora masa a cinya, ya toshe bakin da yatsa, ni in danna, ya saurara ya ji ko na lalata masa. Wai ni zai gwada wa riƙon kaya! Sai ya haɗa ƙarfinsa ya ce, "Masara?" In ba shi labarin gonarsa, don ina nome masa ita bayan tawa: inda ruwa ya kwanta, inda tsutsa ta shiga, yadda ta fara goyo. Yana ji yana lumshe ido.

Wata rana 'yar ta ce, "Baba, ka riƙe shi a wurinka mana. Wannan zirga-zirgar ai wahala ce, shi kuma ba amfani yake da shi ba." Raina ya ɓaci. Na ce, "Ke, kayan mutane ne. Haka aka koya miki, a ari abu a zauna a kai?" Yarinya ta yi tsuru-tsuru, ba ta san laifinta ba. Sai na ji gado yana motsi. Oga ne yake dariya da rabin fuskarsa, hawaye na bin kuncinsa. Shi ya gane.

Na san ana maganar mayar da shi ƙauye wurin 'yan'uwansa. Yarinyar ta gaji, kasuwarta ta tsaya, ban ga laifinta ba. Amma duk Asabar in na shigo layinsu ba na samun natsuwa sai na hango labulen ƙofarsa.

Ranar da masararsa ta nuna, na karyo masa goyon farko na ɗauro a kan jaka. Na shigo gidan na tarar ba labule, ƙofa da kwaɗo. Matar da ke da injin niƙa a tsakar gidan ta kashe injin ta zo tana goge hannu a zani.

Ta ce, "Baba, sannu. Sun tafi tun da safe, ƙaninsa ya zo da mota. 'Yar ta ce in gaya maka ka riƙe famfon, ya zama naka."

Na ce, "Shi ya faɗa, ko ita?"

"Ita ta faɗa. Shi dai da za a ɗauke shi yana ta nuna ƙarƙashin gado, suna ce masa yana wurin Malam."

Na tambaye ta sunan ƙauyen, ba ta sani ba. Ni ma da na lalubi kaina, garin da ke kusa da su kawai na sani. Duk shekarun nan ban taɓa tambaya ba, don a ganina Asabar ba ta ƙarewa. Lambar yarinyar ma babu a wayata, tunda ƙafata ce take kai ni. Na sauke masarar na ba matar. Na ce in Allah ya sa wani nasu ya zo, ta gaya masa famfon aro ne, yana nan, a zo a karɓa. Ta ce to, ta tsaya tana kallona, har na ji nauyin tsayuwar na ce ta koma aikinta.

Yanzu kayan gyarana sun cika, ba abin da zai same ni a hanyar Kakau in rasa yadda zan yi. Juma'ar da ta biyo baya, bayan la'asar, na sa hulata na fito da keke har ƙofar gida. Na tsaya riƙe da shi ina kallon titi, masu napep na yi mini hon in ba su hanya. Wani maƙwabcina ya ce, "Malam, ina zuwa?" Na ce masa ba ko'ina, taya nake dubawa.